Addu'ar da Ta Tsallake 'Yar Fari

A shekarar da kogin Haɗeja ya cika har ya ci rabin Tungar Ari, aka kawo Mairo gidan iyayenta a kan jaki. Ba ta wuce shekara goma ba, kuma tun da aka yaye ta ba ta sake kwana ɗaki ɗaya da uwarta ba.

Tungar Ari ƙauyen masunta ne a cikin fadama, gabas da birnin Haɗeja. Can kakarta ta wajen uba, Iya Ma'u, take riƙonta, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. Da ruwa ya kwantar da ɗakin Iya, sai ta raɓa wurin aminiyarta Ya Kolo a kan tudu, inda mutane suka cunkushe, ga sauro ga zazzaɓi. Shi ne ta aiko da yarinyar, ta ce a ajiye mata ita har ruwa ya janye.

Iyayen Mairo, Bala da Barira, suna zaune ne a bayan ɗakin maganin mishan, ba nisa da tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Zamanin Turawa ne, sojoji ba su daɗe da dawowa daga yaƙin Bama ba. Bala ɗan masunta ne shi ma. Gyambo ne ya kai shi wurin 'yan mishan, da ƙafar ta warke bai koma kamun kifi ba, ya koyi karatun boko, ya zama mai wanke wa mutane miki. Daga baya ya zama Kirista. Barira ta bi shi, da farko don miji, daga baya kuma don kanta. Iya Ma'u ba ta tsine masa ba. Ta dai yi kuka, ta ce, “Ka tafi da kanka, amma yarinya tawa ce.” Ba wanda ya ja da ita. A nan bayan ɗakin magani suka haifi Gwadabe, sannan Auta da ke goye.

Barira tana bakin murhu lokacin da aka sauke yarinyar. Kallo ɗaya ta yi mata ta ga goshin Bala, ta ga ƙafafun da sauro ya cinye, ta ga ɗan ƙullin kayanta. Sai ta juya ta ci gaba da fifita wuta.

“Ina wuni, Yaya,” in ji Mairo, ta durƙusa. Haka aka koya mata ta kira uwarta.

Barira ta amsa wa tukunya, “Lafiya.” Sannan ta ɗaga murya, “Gwadabe, ba ka ga an yi baƙuwa ba? Kawo wa 'yar Iya ruwa.”

Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Macen kirki ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Haka uwar Barira ta yi, haka kakarta. Da a wani gidan ne, da ba wanda zai ko lura.

Amma wannan gidan yana da wata sabuwar al'ada. Malam Hamman, mai bisharar da ke kula da 'yar majami'arsu ta zana da jinka, shi ya koya musu. A gidan marayu na mishan ya tashi, bai san uwa ba balle kunyar ɗan fari. Ya ce kowace safiya, kafin a taɓa koko, iyaye su ɗora hannu a kan kowane yaro, su faɗi sunansa a gaban Ubangiji, ɗaya bayan ɗaya. “Kada ku ce 'ya'yanmu a dunƙule,” ya ce. “Ba buhun gyaɗa kuka haifa ba.”

Washegari da sassafe aka shimfiɗa tabarma. Bala ya karanta abin da zai karanta, ya ce, “Barira, yi mana addu'a.” Ta dafa kan Gwadabe, ta roƙi Ubangiji ya ba shi jin magana. Ta kai hannu baya ta taɓa kan Auta, ta roƙa masa sauƙin haƙori. Mairo tana gefen tabarma, ta ga yadda ake yi, ta sunkuyar da kai tana jira. Hannun Barira ya tashi, ya tsaya a iska. Ta ji kamar duk matan Tungar Ari sun leƙo ta kan danga suna kallonta. Ta mayar da hannun kan cinyarta, ta ce, “Da sauran waɗanda ke cikin gidan nan, ka kiyaye su.”

Aka ce amin. Mairo ta ɗan ƙara jira, sannan ta ɗago kai.

Ran da Bala ya yi addu'ar ma bai fi ta ba. Shi “baƙuwarmu” ya ce.

Abin da baki ya kasa, Barira ta yi ta yin sa a kaikaice. In ta raba tuwo, tsokar kifi mafi girma takan faɗa kwanon Mairo, sai ta ce hannu ne ya kuskure. Ta yanke rabin zanenta na Lahadi ta ɗinka 'yar riga, ta rataye a igiya, ta ce da iska, “Wannan ta yi mini kaɗan, duk mai so ya ɗauka.” Ita kuwa Mairo ba ta da wuyar sha'ani. Ta yi shara, ta goyi Auta, ta ɗauki allon Gwadabe ta kwashe baƙaƙen boko tun shi bai gama rabinsu ba. Ranar Lahadi takan zauna a bayan mata, bakinta a rufe, amma ran Litinin sai a ji tana rera waƙoƙin majami'a ƙasa-ƙasa tana tankaɗe. Da azahar kuma takan zagaya bayan rumbu ta yi salla yadda Iya ta koya mata. Barira ta gani, ba ta hana ta ba. Ta yaya za ta hana, alhali ita ba ta ba ta komai ba?

Wata rana tana daka, yaran suna gindin kurna suna ɓarar gyaɗa, ta ji Gwadabe yana cewa, “Ke Yesu bai san ki ba.”

“In ji wa?”

“Ba a faɗa masa sunanki. Ni kullum sai an faɗa. Har Auta ana faɗa, shi da ko haƙori ba shi da shi.”

“Ina ruwana,” in ji Mairo. “Ni Iya tana tofa mini addu'a a ka.”

“Wannan ai yawu ne.”

“Naku kuma hannu ne kawai, ko yawun babu.”

Barira ta san ya kamata ta ajiye taɓarya ta kwaɗe bakin yaron. Amma maƙwabciyarta tana shanya a tsallaken danga, kuma wace uwa ce ke shigar wa 'yar fari faɗa? Ta ce, “Gwadabe, tashi ka kai wa akuya dusa.” Ta ci gaba da daka har geron ya wuce yadda ake so.

Ranar Lahadin da ta biyo baya, bayan an tashi daga sujada a majami'a, Malam Hamman ya tsayar da ita a gaban mata.

“Uwargida, yarinyar nan mai zama a bayan mata, taki ce?”

“'Yar Iya ce.”

“Na ji. Amma wa ya haife ta?”

Mata suka fashe da dariya, wata ta ce, “Kai Malam, ana tambayar wannan?” Barira ta ja mayafi ta rufe fuska.

Shi bai yi dariya ba. Ya ce, “Ni ban san al'adar nan ba, ku gafarce ni. Amma ran da Ubangiji zai tambayi wanda ya ba amanar yarinyar nan, ba na jin Iya zai fara kira.”

Maganar ta bi ta har gida. Ta jira Bala ya gama cin abinci, ta ce, “Malam, in Iya ta zo, ka roƙe ta ta bar mana 'yar nan.”

“Ni?”

“Uwarka ce.”

“Shi ya sa. Na riga na ɗauke mata ɗa. In kuma buɗe baki in ce a ba ni 'yar fari? Da wane idon?” Ya daɗe yana wanke hannu. “Ku mata kun san yadda kuke yi.”

“Surukata ce fa, Malam. Ko tuwo ban taɓa ci a gabanta ba.”

“To mu yi addu'a, Ubangiji ya buɗe mana ƙofa.”

Barira ta yi addu'ar. Ta kuma yi ta gwada maganar a bakinta, a rijiya, a bakin murhu: Iya, a bar mana ita. Gajeriyar magana ce, ko Gwadabe zai iya faɗa.

Ruwa ya janye, aka fara yankan shinkafa. Ran nan da hantsi sai ga Iya Ma'u da Ya Kolo, sun biyo motar gyaɗa daga Haɗeja, da kwandon bandar tarwaɗa tsaraba. Mairo ta ruga ta rungume kakarta.

“Sake ni, ƙawata, za ki karya ni,” in ji Iya. “Kolo, dubi kumatu. Me suke ba ki, man shanu?”

Bala ya zo ya durƙusa ya gaishe su, ya tambayi ruwa, ya tambayi ɗaki, ya tambayi kowa da kowa a Tunga. Da ya ga gaisuwa ta kusa ƙarewa sai ya ce ya bar wani mai gyambo a kan benci, ya fita. Bai dawo ba sai bayan la'asar.

Aka shimfiɗa wa baƙi tabarma a inuwa. Maƙwabta mata suka shigo gaisuwa, suka zauna. Barira ta kawo fura, ta koma can nesa ta tsuguna, kanta a ƙasa. Iya ta sha, ta miƙe ƙafa tana matsa gwiwa. Ta rame. Ta daɗe tana kallon Mairo da ke nuna wa Ya Kolo yadda ake rubuta sunanta a ƙasa da tsinke.

“Ɗakin nawa har yanzu ba jinka,” in ji Iya, ba ta kalli kowa ba. “Gwiwa kuma ta ƙi. Na ga yarinya ta yi kyau a nan. In kuna so a bar muku ita, ku faɗa.”

Ƙofar da aka roƙa ke nan ta buɗe, Barira ba ta ko ƙwanƙwasa ba. Ta ɗago ido kaɗan, ta ga Ya Kolo ta zuba mata ido, ta ga maƙwabta sun yi shiru suna jira su ji irin tarbiyyar da aka yi mata. Bakinta ya buɗe, abin da ya fito ba shi ta shirya ba. Abin da ta ji mata suna faɗa ne tun tana ƙarama.

“Haba Iya. Mu me za mu yi da ita? Ban da ci ba abin da ta iya. Taki ce, ki tafi da abarki.”

“Madalla da 'yar mutunci!” in ji Ya Kolo, ta tafa hannu. “Ma'u, ban gaya miki ba? Ashe addinin Nasara bai wanke musu kunya ba.”

Maƙwabta suka yi ta sa albarka. Iya ta gyaɗa kai a hankali, ta ce, “To. Na dai tambaya.”

Mairo ta share rubutun da ƙafa. Ta shiga ɗaki ta ɗaure ƙullinta, ta fito ta durƙusa ta ce, “Sai wata rana, Yaya.” Gwadabe ne ya raka su tasha yana kuka. Barira ba ta raka ba. Ta tsuguna tana wanke ƙwaryar furar da ta riga ta fita.

Kunyar da ta biyo baya ba irin wadda ake rufe fuska a yi dariya ta wuce ba ce. Yabon da aka yi mata ya tsaya mata a wuya kamar ƙayar kifi. Ranar Lahadi ta ce kanta yana ciwo. Wata Lahadin ta ce Auta ne ba lafiya. Malam Hamman ya zo dubiya, ya duba tsakar gida, ya ga ba Mairo, bai tambaya ba. Ya yi wa Auta addu'a ya tafi. Da ya yi faɗa, da ya fi mata sauƙi.

Da safe kuma in Bala ya ce, “Barira, yi mana,” sai ta ce, “Yi kai.” Ran nan ya matsa.

“Wai me ke damunki?”

“Da wane bakin zan yi? Na roƙa a buɗe, aka buɗe, na rufe da hannuna.”

“Ai ba laifinki ba ne. Haka ake faɗa.”

“Haka kuma ake gudu? Mai gyambon nan ya warke kuwa?”

Bala ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “Ba wani mai gyambo. Bayan tasha na je na zauna ina kallon masu lodin gyaɗa.”

Ta kalle shi, kansa a ƙasa kamar yaron da aka kama. Ta ce, “Ran kasuwar Haɗeja zan je Tunga.”

“Ki ce mata me?”

“Abin da na ƙi faɗa.”

“Za su yi da ke, Barira. Har jikokinki sai sun ji.”

“Na sani.”

Bai ce zai bi ta ba, ita ma ba ta nema ba.

Ta goyi Auta ta hau mota zuwa Haɗeja, daga nan ta bi 'yan kasuwa a ƙafa ta cikin fadama. Laka ta bushe ta tsattsage, shinkafa a tare dami-dami, balbelu suna bin shanu. A mashigi wani tsoho mai kwalekwale, Fannami, ya tsallakar da ita.

Ta tarar da gidan Ya Kolo cike da mata, wasu na saƙar tabarmar kaba, wasu na gyaran kifi. Ta so a ce ba kowa. Mairo tana wurin banda tana juya kifi, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, kanta a tsefe ya yi buzu-buzu. Da ta ga uwarta ta durƙusa daga nesa, ba ta matso ba.

Barira ta gaida Iya, ta gaida Ya Kolo, ta gaida kowa. Ta tambayi gwiwa, ta tambayi jinka. Gaisuwa ta ƙare. Iya ta ce, “Lafiya dai? Bala ne?”

“Lafiya lau yake.”

“To?”

Barira ta kafa ido a kan tabarma. Muryarta ta fito 'yar siririya. “Iya, ran nan ƙarya na yi miki.”

Masu saƙa suka tsaya.

“Ina son ta. Ni na haife ta. A ba ni ita.”

“La'ilaha illallahu!” Ya Kolo ta dafe ƙirji. “Ku fitar da 'yan mata, kada su koya. Yau na ga abin da ya fi ambaliya.” Wata ta ce ai dama, duk wanda ya ci abincin Nasara. Wata ta ƙyalƙyale da dariya har ta faɗa kan kaba.

Iya ba ta yi dariya ba. “Na tambaye ki a gidanki,” ta ce. “Ni tsohuwa, na buɗe baki na tambaye ki. Kika haɗo ni da ita. Na zo na gaya wa mutane surukata 'yar halak ce. Yau kin tako har nan ki ƙaryata ni a gaban jama'a?”

“Ki gafarce ni, Iya.”

“Me za ki yi mata da ba a yi mata a nan?”

“In koya mata addu'a. In sa ta a gaban Ubangiji.”

“Mu nan a gaban wa muke sa ta? Gaban kada?”

Mata suka sake fashewa. Barira ta ce, “Ba haka nake nufi ba. Kin yi naki, Iya, Allah ya saka miki. Nawa ne ban yi ba.”

Iya ta nuna wurin banda da haɓa. “Ga ta can. Ba akuya ba ce da za a ja da igiya. Tunda kin zubar da kunyar, ki tambaye ta da bakinki.”

Barira ta juya a kan gwiwoyinta. Tun da aka yaye yarinyar ba ta taɓa duban tsakiyar idonta ba. Ta ce, “Mairo.” Sunan ya fito mata a karkace. Wata tsohuwa ta toshe kunne. “Mairo, za ki zo gida?”

Yarinyar ta juya kifi ɗaya, ta juya wani. “Ai nan ne gida, Yaya.”

“Abin da na faɗa ran nan, ba har zuci ba ne. Haka ake faɗa.”

“Na sani. Iya ta gaya mini.” Ta goge ido da gefen zane, wataƙila hayaƙi ne. “Amma da safe ai ba baƙi. Kin rufe ido, da Allah kike magana. Shi ma ba ki faɗa masa ba. Kullum ina sunkuyar da kai.”

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

“Zan zauna wurin Iya,” in ji Mairo. “Ba ta da mai ɗebo mata ruwa.”

Mata suka koma saƙa suna satar kallo. Barira ta zauna nan kamar wadda zane ya kwance wa a tsakiyar kasuwa.

Can Iya ta ce, “Kolo, miƙo mini mataji da man nan.” Aka miƙo, ta tura su gaban Barira. “Dubi kanta. Yatsuna sun daina lanƙwasa. Tunda kin zama uwa da rana tsaka, yi mata kitso. In kin ga dama ki riƙa zuwa ran kasuwa kina sabuntawa. Kitso na ce. Ban ce ki koya mata komai ba.”

“Ma'u!” in ji Ya Kolo. “Uwa ta yi wa 'yar fari kitso?”

“Me ya rage kuma? Ƙawata, bar kifin nan, zo ki zauna.”

Mairo ta zo don Iya ce ta kira. Ta zauna a tsakanin ƙafafun Barira, ta ba ta baya, wuyanta a sandare. Barira ta lakato mai. Ta ɗora hannu a kan yarinyar. Kan yana da ɗumi, yana warin hayaƙi, akwai wani ɗan tabo a bayan kunne da ba ta san yadda aka yi ba, kuma ba ta da bakin tambaya. Ta tsaga, ta fara kitsawa. Da ta ga mata sun koma hira, ta sunkuya kamar mai duba tsaga, ta yi magana ƙasa-ƙasa daidai kunnen.

“Ya Ubangiji, ga Mairo. 'Yata ce ta fari. Na daɗe ban kawo maka ita ba. Laifina ne, ba nata ba.”

Iya ta ga leɓen yana motsi. Ta juya ta shiga faɗa a kan wanda ya bar kaji suka hau shanyar shinkafa.

Mairo ba ta ce amin ba. Ba ta kuma janye kai ba. Can ta ce, “Yaya, kina ja.”

“Sannu.” Barira ta sassauta.

Kitson bai yi kyau ba. Ya Kolo ta zagaya ta duba, ta ce ko hanyar shanu ta fi shi miƙewa, ba zai kai mako ba sai an sake. Rana ta yi sanyi, Barira ta gyara goyo ta yi sallama. Mairo ta koma wurin kifinta.

Kafin ta kai mashigi labari ya riga ta. Yaran Tunga suka biyo ta suna tafi suna waƙa, “Uwar Mairo ta zo kitso, ta bar kunya a tsallake!” Mata masu wanki suka miƙe suna kallo. Ta ja mayafi har hanci, ta shiga kwalekwale, ta ba gaɓa baya.

Fannami ya dubi yaran, ya dube ta. “Baiwar Allah, da ke suke?”

“Da ni suke.”

“Ikon Allah.” Ya tokari ƙasa da gwangwala, jirgi ya rabu da gaɓa.

Sun kai tsakiyar ruwa kafin ta sake magana, mayafin har yanzu a bakinta. “Baba, ran kasuwa mai zuwa kana nan da hantsi?”

“Kullum ina nan,” ya ce.